Kayan sana'ar da ake raba wa samari: me ya sa suke ƙarewa a kasuwa?

Zauren Matasan Adar, Tawa

Ɗan_Tadis:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san aikin nan ciki da waje. Shekara da shekaru ana tara samari a Tawa, Ƙonni, Madawa, Abalak, a yi musu horon wata uku, a raba musu keken ɗinki ko injin walda ko akwatin kayan gyaran moto, a ɗauki hoto, a ce an raba su da zaman banza, an toshe ƙofar da ƴan bindiga ke jan su. Kafin damina ta zagayo sai ka ga keken a kasuwa da ledarsa, yaron kuma ya koma fada, majalisar hirar samari, yana dafa shayi, ko ya hau motar Agadas. Ina matsalar take, yaran ne ko tsarin? Tambaya ta biyu ita ta fi damuna: da gaske sana'a tana hana yaro shiga daji, ko dai mun saba faɗar haka ne kawai?

Malam_Horo:
Wa alaikumus salam. Ɓarnar farko tana faruwa tun kafin a zaɓi yaro ko ɗaya. Ana yanke sana'ar a ofis: ɗinki, walda, kafinta, gyaran moto, ko da yaushe su ke nan. Ba wanda ya fita ya ƙirga. Alhali ƙirgar ba ta da wuya. Mutum biyu da littafi, kwana huɗu, su bi unguwa-unguwa su rubuta shago nawa ne na kowace sana'a, yara nawa ke hannun kowane maigida, aiki nawa yake samu a sati idan ba lokacin salla ba. Sannan a tambayi masu saye: wane aiki ne sai kun tafi wani gari ake yi muku? Amsar wannan tambayar ita ce sana'ar da za a koyar. Idan gari yana da tela arba'in da ke hamma daga ƙaramar salla zuwa babba, ka ƙara musu ashirin, ba ka samar da aiki ba, ka raba tuwon mutum arba'in ne ga mutum sittin.

Tela_Wadata:
Malam ya faɗi gaskiya, kuma wata uku ba ya yin tela. A wata uku yaro zai iya take keke ya yi layi miƙaƙƙe, ya sa maɓalli. Yanka fa? Wa zai ba shi shaddarsa ta jaka talatin ya koyi yanka a kai? Sai an shekara biyu a gindin maigida kafin mutane su yarda da hannunka. Kuma keke kaɗai ba shago ba ne: almakashi, dutsen guga, tebur, zare, allura, hayar rumfa ta wata uku a gaba. Wanda aka ba keke ba a ba shi waɗannan ba, kaya aka ba shi na sayarwa.

Bagalme_77:
Ga misalin abin da Malam_Horo ke nufi. Duk kwarin Magiya da Tarka, daga Galmi zuwa Madawa, injin ban ruwa ne ke riƙe da albasa. Injin ya tsaya kwana uku a watan Fabrairu, an yi asara. Abubuwan da ke kashe shi sanannu ne: kabireto ya toshe saboda man kwalba mai datti, buji ya yi baƙi, robar da ke hana ruwa shiga wajen inji ta ƙone saboda an tada shi ba a cika masa ruwa ba, bututun zuƙa ya tsage yana shan iska, ko ruwan rijiya ya sauka ya wuce mita bakwai zuwa takwas, inda irin wannan injin ba ya iya jawo shi sai an haƙa masa rami an saukar da shi ƙasa. Yaro mai hankali zai kama wannan cikin wata huɗu zuwa shida idan da injuna a gabansa yana kwancewa yana ɗaurawa. Kayan aikinsa ba su da tsada, kuma ana biyan sa nan take a bakin garka. Haka ma famfon hasken rana da ke yaɗuwa yanzu: goge faranti, duba waya, auna wuta, fito da famfo idan yashi ya cika shi. Masu iya wannan ba su da yawa.

Hajiya_Asusu:
Ƴaƴana, kuna ta maganar kayan aiki, ba ku taɓo cikin yaron ba. Wanda aka ɗauko daga tasha ko daga fada, a ranar yake neman na ranar. Ka zaunar da shi wata shida yana koyo, me zai ci? Me zai kai wa uwarsa? Shi ya sa suke gudu a sati na uku. Dole a sa kuɗin abinci da na moto a lissafi, a riƙa ba shi duk sati, ba duk wata ba, kuma gwargwadon zuwansa. Sannan ranar da aka miƙa masa keke, ranar masu binsa bashi ke jin labari. Mai shago, mai shayi, ƙanin uba da ya ranta masa kuɗin mota. Ba mugunta ke sa ya sayar ba sau da yawa, kunya ce.

Mai_Lissafi:
Hajiya, a kan wannan akwai dabarar da ke rage sayarwa sosai. Kada a ba da kaya ranar biki. A raba shi uku. Kashi na farko ƙananan kayan hannu, tun yana koyo. Na biyu babban injin, amma ya zauna a shagon maigida wata shida, yaron yana aiki da shi a can, an rubuta lambar injin a takarda mai sa hannun yaron, maigida, uba ko wanda ya tsaya masa, da mai unguwa. Na uku jarin juyawa, sai an ga littafinsa na shiga da fita na wata uku. Idan ya bar aiki kafin wa'adi, injin ya koma ga na gaba a layi. Kowa ya san haka tun ranar farko, to mai bin bashi ma ya san ba nasa ba ne tukuna.

Shi ma maigida a biya shi, amma rabin kuɗin sai yaron ya ci jarrabawar hannu. In ba haka ba sai ya mai da shi ɗan aike da mai share shago.

Walda_Ƙonni:
A ƙara da wuta. Injin walda a unguwar da wuta ke ɗaukewa rabin yini, ko ƙauyen da ba ta je ba, ƙarfe ne kawai. Janaretan da zai ɗauke shi da sandar walda mai kaurin milimita 3.2 ba ƙarami ba ne, ya fi injin kansa tsada. Gara a haɗa yara huɗu ko biyar a rumfa ɗaya da janareta ɗaya. Amma a rubuta wa ke riƙe kuɗin mai, wa ke karɓar aiki, yaya ake raba riba. Rumfar haɗin gwiwa da ba a rubuta wannan ba, ba ta kai shekara.

Tsohon_Illela:
Ɗiyana, ku yi haƙuri in maido ku ga tambaya ta biyu, don ita ta manyan. Yaran da munka gani sun ɓace, ba duka yunwa ta kai su ba. Wani bisashen ubanshi anka kore cikin dare, ya kai ƙara ba a yi komi ba. Wani an kama shi a shinge don ba ya da takarda, anka wulaƙanta shi gaban mutane. Wani kuma yanai da shekara talatin bai yi arme ba, ba wanda ka tambayar shawaratai cikin gida. Wanda ya zo mishi da moto da bindiga, girma ya nuna mishi, ba kuɗɗi kaɗai ba. Keken ɗunki ba shi maganin wanga ciwo.

Boko_da_Allo:
Baba, binciken da aka yi ya zo daidai da maganarka, ko da yake bai kore maganar aiki ba. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, PNUD, ta fitar da rahoto a 2023, bayan hira da mutum wajen 2,200 a ƙasashe takwas na Afirka, har da Nijar. Cikin waɗanda suka shiga ƙungiyoyin ƴan bindiga da ƙafarsu, kashi 25 cikin ɗari sun ce neman aiki ne babban dalili, addini kashi 17. Amma kusan rabinsu sun ce akwai wani abu takamaimai da ya faru ya ingiza su, kuma kashi 71 na waɗannan sun ce cin zarafi ne, yawanci daga jami'an tsaro. Wato rashin aiki busasshiyar ciyawa ce, zalunci shi ne ashana.

Akwai kuma gwajin da aka yi a Monrobiya ta Laberiya da samari kusan dubu, masu sata da sayar da ƙwaya da faɗan titi. Wasu an ba su dalar Amurka 200 kawai. Wasu an yi musu zaman sati takwas, ana koya musu danne fushi, tsara gobe, gyara shiga da yadda ake hulɗa da mutane. Wasu an haɗa musu biyun. Kuɗi kaɗai, bayan shekara ba a ga bambanci ba. Waɗanda aka haɗa musu biyun su ne laifinsu ya ragu, har aka koma bayan shekara goma aka tarar da saura.

Ɗan_Tadis:
To ke nan, Malam Boko, a bar rabon kaya a koma wa'azi?

Boko_da_Allo:
A'a ɗan'uwa, kuma ba wa'azi ba ne. Zama ne na mutum ashirin ko ƙasa da haka, sau biyu ko uku a sati, mai jagora wanda shi ma ya taɓa irin rayuwar ya fita. Ana gwadawa a aikace: wani ya zage ka a tasha, me za ka yi cikin minti na farko? Ka samu jaka biyar, nawa za ka ɓoye, a ina? A koma gida a gwada, a dawo a ba da labari. Fada ita ce wurin da ya dace da wannan, tunda suna da shugaba, suna da ma'aji, suna haɗuwa kullum ba sai an kira su ba.

Ɗiyar_Abalak:
Ina so in yi magana kan lista, domin a nan ake haifar da rikicin da aka zo kashewa. Idan aka ce wa mai gari ya kawo suna ashirin, kowa ya san su wa za su fito. Yaron da ya fi shiga hatsari ba ya cikin waɗanda ke gaida manya. Ɗan makiyayi kuma ba ya gari ranar da aka yi shela, yana rijiya mai nisan kilomita talatin. Ko ya zo, za a ce ya kawo takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa, ba shi da su. Sai a gama rabo, Hausawan gari sun samu, Fulani da Abzinawan daji sun ji a bakin kasuwa. An kashe miliyoyi an ƙara gaba.

Gyaran: a faɗi sharuɗɗa a fili kafin a rubuta suna ko ɗaya, da Hausa da Fulatanci da Tamajak, a rediyon gari da ranar kasuwa. Kwamitin zaɓe ya haɗa wakilin kowane ɓangare, da mace, da saurayi. A liƙa sunaye kwana bakwai, a buɗe hanyar ƙorafi wadda ba ta bi ta hannun wanda ya rubuta listar ba. In masu cancanta sun fi gurbi yawa, a jefa ƙuri'a a bainar jama'a. Wanda ƙuri'a ta kayar yana haƙuri, wanda aka tsallake da gangan ba ya mantawa. Kuma a fara da takardu: a gayyato alƙali ya yi zaman ƙauye ya ba da takardar haihuwa ga waɗanda lokacin rajista ya wuce su. Yaro mai kati yana wuce shinge da kansa a sama.

Tela_Wadata:
Ƙuri'a kuma, Yaya? Ai sai ta faɗa kan malalaci ta bar mai himma.

Ɗiyar_Abalak:
Bayan tacewa ake jefa ta, ƙanena, tsakanin waɗanda duk sun cika sharaɗi. Kuma sati biyun farko na gwaji ne, wanda bai zo ba na bayansa ya shiga.

Likitan_Bisashe:
Tunda an zo arewa, bari in taɓa turkar raguna, don ita ake yawan ba ƴaƴan karkara. Aikin kwana 90 zuwa 120 ne. A sayi rago ɗan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, mai ƙashi amma ramamme, balami ko uda, ba wanda ya riga ya yi ƙiba ba. Ranar farko maganin tsutsar ciki, a maimaita bayan sati biyu, a yi rigakafin gishu da ciwon huhu, a ware shi daga sauran dabbobi na ɗan lokaci. Abinci: harawa ko ƙaran dawa yankakke, dusa wajen rabin kilo a yini amma a fara da kaɗan ana ƙarawa, kanwa, ruwa mai tsabta. Wanda ya zuba masa hatsi ko dusa da yawa rana ɗaya, cikinsa zai kumbura ya mutu.

Ga lissafin da ba a son yi. Mu ɗauka an sayi rago sefa 60,000, dusa buhu ɗaya 10,000, harawa 15,000, magani 2,000. An kashe 87,000. An sayar 110,000. Riba 23,000 a kwana ɗari, wato sefa 230 a yini. Raguna uku 690 a yini, in ba wanda ya mutu. Wannan ƙari ne a kan wani aiki, ba sana'ar da za ta hana saurayi tafiya Libiya ba. Kuma kowa layya yake jira, sai a fito da su sati ɗaya. A 2025 da aka hana fitar da dabbobi waje kafin layya, mai saye ya ji daɗi, mai turka ya ji a jikinsa. Wanda zai ci riba shi ne wanda ya tara harawa tun kaka tana arha, kuma yake juyi uku a shekara yana sayar wa mahauta da masu suna.

Bagalme_77:
Albasa ma haka take, matsalarta ba noma ba ce, ƙasa ce da ajiya. Saurayi ba shi da fadama, ta uba ce ko ta gado da ba a raba ba. Aka haƙa masa rijiya a filin aro, shekara ta biyu mai fili ya ga ruwa ya ce yana son abinsa. Kada a sa ko bulo ɗaya sai an je kwamitin filaye na gari, COFOB, an rubuta takardar aro ko haya mai wa'adi, shekara biyar aƙalla, da abin da zai faru da rijiyar in wa'adi ya cika. Ajiya kuma: ana cirewa a Maris da Afrilu, farashi yana ƙasa. Mai rudu, wato rumbun ajiyar albasa, shi ke cin kasuwa bayan wata huɗu ko biyar. Amma albasar da aka cika wa takin ure, ko ba a yanke mata ruwa kwana goma zuwa sha biyar kafin cirewa ba, ruɓewa take a rudu. Sabon manomi yana son ya ga ta yi girma, sai ya yi duka biyun.

Injiniya_Keita:
Ba a ambaci gina-ka-ci ba, wato aikin gyaran fako da ake biyan masu yin sa, alhali shi ne aikin da ke ɗaukar samari ɗari a rana ɗaya, a daidai lokacin da suke shirin tafiya ci-rani. Mu nan Adar ba baƙonmu ba ne, tun aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984, da tassa, ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa, da ta bazu daga wajen Illela da Badagishiri. Rabin wata na noma, wato rami mai siffar rabin wata da ke tare ruwan sama, faɗinsa mita huɗu, zurfi santimita 15 zuwa 25, a jera su bisa layin da ruwa ke kwanciya, bakin yana kallon tudu, layi na biyu ya toshe tsakanin na farko. Eka ta Faransa, wato hekta, tana cin 313. Ƙa'idar mutum ɗaya uku ne a yini, to hekta ɗaya kwanan aiki ɗari da huɗu ke nan. An daɗe ana biyan sefa 1,300 a yini.

Inda ake lalacewa: a biya bisa ƙirga ba a duba zurfi ba, sai a yi ta karce ƙasa. Ko a tsallake auna layi, ruwan farko ya fasa su a jere. Ko biya ya makara wata biyu, samarin da aka tara don zaman lafiya su ne za su tare hanya. Babbar kuwa ita ce ba a yanke tun farko na wa ne filin in ya farfaɗo. Fako ba mai so, ranar da ciyawa ta fito kowa yana da kaka a wurin.

Malam_Kofo:
Injiniya ya kai mu inda sana'a da zaman lafiya suke haɗuwa da gaske. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun fayyace: burtali, makiyaya da mashaya dukiyar kowa ce, ba a mallake su, ba a nome su. Dokar 1961 ta ja iyakar noma ta arewa, ko da yake gonaki sun daɗe da haye ta. Idan aka gyara fako a cikin makiyaya, ya zauna makiyaya. Kafin a kafa diga, kwamitin filaye na komin, wato ƙaramar hukuma, ya zo, a zagaya iyaka da manoma da makiyaya, a rubuta matsayin filin, a kafa kwamitin kula mai ɓangare biyu, a yanke shekara nawa za a kange shi, yawanci biyu zuwa uku, wa zai yi gadi, wa zai yanki ciyawa ya sayar, kuɗin ina za su.

Ga aikin samari a nan wanda ba ya ƙarewa: buga tubalan siminti na shaidar burtali da kafa su, gadin fili, yanka da ɗaure ciyawa, gyaran bakin rijiya da kwamin shan ruwa. A haɗa ɗan manomi da ɗan makiyayi a ƙungiyar aiki ɗaya, biya ɗaya, tukunya ɗaya.

Lokacin hatsari kuma sananne ne: daga Oktoba zuwa Disamba, dabbobi na gangarowa daga Azawak, wake da dawa ba a gama kwashewa ba, ranar sakin gonaki da gwamna ke sanarwa ba ta zo ba ko ba ta kai kunnen kowa ba. Abin da ya faru a Bangi ta Madawa a Nuwamban 2016, inda aka rasa rayuka kusan ashirin, a irin wannan lokacin ne. In an yi ɓarna, hanya ita ce: a kai dabba wurin tsarewa ba tare da duka ba, kwamitin sulhu mai wakilan ɓangare biyu ya je gona ya auna, a yi sulhu gaban mai gari ko hakimi, a rubuta takarda. In ya gagara sai kotu. In an zubar da jini, ba maganar sulhun gona ba ce, ta jandarma ce. Samarin da suka san wannan hanyar, suke da lambar juna a waya, su ne ke isa gona kafin masu sanda.

Tsohon_Illela:
Malam Kofo, Allah shi biya ka. Sai dai a tuna takarda ba ta aiki in wanda ka yin sulhu shina cin rabo ga tarar. Nan ne yara ka yanke ƙauna.

Nas_Likita:
Akwai abin da ake kaucewa: taramol. Mai gina, mai kabu-kabu, mai tura kura, da yawa da ita suke aiki. Wanda ya saba, in ka miƙa masa jari a dunƙule ka san inda zai tafi. Kuma ba a ce masa ya daina yau: zai yi zufa, ciwon jiki, gudawa, rashin barci, kwana uku ya koma. Ana ragewa ne sannu a hannun ma'aikacin lafiya. Mai sha da yawa tana jefa shi farfaɗiya, to kada a ɗora shi kan moto ko bakin rijiya. Kada kuma a kore shi daga horo don an gane yana sha, ai dominsa aka buɗe horon. A tambaye shi a keɓe, ba gaban ƴan fadarsu ba.

Hajiya_Asusu:
Har yanzu "yaro, yaro" nake ji. Ƴan mata fa? A ƙasar nan mafi yawansu ana aurar da su kafin shekara 18. Ga sakakku ƴan shekara ashirin da goyo, ga matan ƴan ci-rani da miji ya shekara uku a Abijan. Su ba sa ɗaukar bindiga, amma a hannunsu yaran gobe suke. Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a Maraɗi a 1991 har yau yana tafiya domin kuɗinsu ne ba na baƙo ba: mata ashirin da biyar zuwa talatin, zubi duk sati, akwati mai kwaɗo uku makulli a hannun mutum uku, bashi na wata ɗaya zuwa uku da ɗan abin da suka yanka a kai, a fasa a raba kafin shekara ta cika. Samari ma suna iyawa, amma nasu yana fashewa lokacin ci-rani, in mutum biyar suka tafi da bashi. Sai a daidaita zagayen: a fasa akwati kafin tafiya, kuma ba a ba mai shirin tafiya bashi sai da wanda ya tsaya masa a gida.

Kabu_Kabu_Tawa:
A bar raina ci-rani don Allah. Gidajen siminti nawa ne a Buza da Keita da kuɗin Abijan aka gina? Wanda zai ce wa saurayi kada ka tafi, ya kawo abin da ya kai abin da ake samu a wurin haƙar zinariya na Jado. In ba zai iya ba, ya koya masa sana'ar da za ta yi masa amfani can: gini, tayil, wayar wuta, tuƙi da lasisi. Moto kuma ita ce ta fi kawo kuɗin yau da yau, amma a duba wuri. Tiliya da Tasara suna cikin dokar ta-ɓaci tun 2017, kuma inda aka hana yawo da moto, mai ita da mai gyaranta da mai sayar da mai duk sun zauna. Raba moto ko koyar da gyaranta a irin wurin nan asara ce, har tana iya jawo wa yaro zargi.

Mai_Lissafi:
Wani abin lura daga Difa. Tun ƙarshen 2016 da gwamnati ta buɗe wa ƴan Boko Haram ƙofar tuba, aka tara masu miƙa wuya a cibiyar Gudumariya, aka koya musu sana'a aka sallame su da kaya. Ƙorafin da ya biyo baya shi ne na waɗanda aka kashe wa iyaye aka ƙone wa gari: wanda ya ɗauki bindiga ya samu, mu da muka haƙura ba mu samu ba. Duk tsarin da ya ware "masu hatsari" kaɗai yana koya wa sauran cewa fitina ke kawo rabo. A gauraya su, kuma kada a rubuta wa kowa wannan sunan a allo ko a riga.

Ɗan_Tadis:
Na gode ƙwarai. Amma duk abin da kuka lissafa, wata shida a shagon maigida, bibiya, takardun fili, zaman fada, yana son shekara biyu ko uku. Masu ba da kuɗi wata goma sha biyu suke bayarwa, kuma tun 2023 da yawansu sun janye. Wa zai riƙe?

Malam_Horo:
Abin da ke nan ko baƙo ya tafi: cibiyoyin koyon sana'a na komin, CFM, asusun FAFPA na horo, ƙungiyoyin masu sana'ar hannu, kwamitocin filaye, da hukumar ƙarfafa zaman lafiya, HACP, a yankunan da rikici ya taɓa. Raunin CFM kayan koyo ne, yara talatin a kan inji biyu. Kuɗin da za a raba keke ɗari, a sayi injuna ashirin masu ƙarfi a ajiye a cibiya, waɗanda suka gama su riƙa zuwa suna aiki da su suna biyan ɗan abu na gyara.

Walda_Ƙonni:
Ban yarda da wannan ba, Malam. Kayan kowa ba na kowa ba ne, wata shida za ka tarar an kwance su. Na fi yarda da tsarin Mai_Lissafi, yaro ya san in ya daure injin zai zama nasa.

Ɗiyar_Abalak:
Ku biyun a gari kuke tunani. Ɗan makiyayi ba zai zauna cibiya ba, ba zai zauna shago ba. Nasa horon sai a bi shi rijiya a rani, ko a same shi lokacin taron damina: allurar dabbobi a ƙarƙashin likitan dabbobi na yanki, yin cuku mai tsabta, tara ciyawa. Kwana goma, a sake shi, a dawo bayan wata biyu. Malam Kofo, in kwamitin kula da fili ya sayar da ciyawa, dokar ta yarda ya riƙe kuɗin da kansa ko sai sun bi ta asusun komin?

Malam_Kofo:
Ya danganta da abin da aka rubuta a yarjejeniyar da komin ta sa wa hannu, Hajiya. Shi ya sa ake rubuta kason tun kafin ciyawa ta fito: nawa na masu gadi, nawa na gyaran rabin watan da ruwa ya fasa, nawa na komin. A karanta shi da baki a gaban jama'a da harshen kowa, a ba kowane ɓangare kwafinsa, ɗaya kuma ya zauna a hannun sakataren kwamitin filaye.